Haƙƙin Kyanwar Da Ba Ta Da Mai Ita

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗauki nauyin ciyar da kowace halitta, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan kyanwa ce, wadda mu mutanen ƙasar Zamfara mu ke kira mussa, musamman wadda ba ta da mai ita, tana yawo tsakanin rumfunan kasuwa da bayan masallatai da juji. Duk wanda ya zaga Anka ko Gummi ko Bukkuyum bayan sallar lisha ya san irin waɗanda mu ke nufi. Wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi ya tambaye mu, ya ce kyanwoyi sun dami maƙwabcinsa mai kiwon kaji, har ya yi niyyar sa musu shinkafar ɓera cikin kifi, shin akwai laifi? Amsar da muka ba shi ita za mu faɗaɗa a nan.

Farko dai a san matsayin wannan dabba a shari'a. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Abu Ƙatada, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da matar ɗansa, Kabsha, ta zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha tana mamaki, sai ya gaya mata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kore najasa daga kyanwa, ya kuma lissafa ta cikin masu kai da kawowa a gidajenmu. Watau shari'a ta ɗauke ta kamar 'yar gida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Amma labarin nan da a ke yawan bayarwa na yanke hannun riga don kada a ta da kyanwa daga barci, ba ya cikin littattafan hadisi ingantattu, kuma abin da ya inganta ya ishe mu.

To, a dubi hadisin matar nan da kyau. An ba ta zaɓi biyu, ko ta ciyar, ko ta saki. Wanda ya sa guba kuwa ya wuce ta, domin ita bari ta yi yunwa ta kashe, shi ko da hannunsa ya kashe, da mugun kisa mai daɗewa. Haka wanda ya ɗure 'ya'yan kyanwa a buhu tun idonsu bai buɗe ba, ya ɗaure baki, ya jefar a bakin gulbi, wannan tsarewa ce irin tata sak.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce, Malam, mutane sun bar ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, sun cika makarantu da kangaye a cikin gari, marayu ba su da abin kai wa baka, sa'an nan a ke maganar kyanwa? Lalle ɗan Adam shi ne a gaba, ba mai jayayya a kan haka, kuma wanda ya mallaki mudu ɗaya na gero, maraya zai ba. Amma fa abin da kyanwa ta ke bukata ba ya rage rabon maraya da ƙwaya ɗaya: ƙashin kifi ne, da ɗaurayar tukunya, da ruwa a kasko. Sa'an nan gudun hijirar nan shi kansa ya ƙara yawan dabbobin da ba su da masu su, domin mai gudun ceton ransa ba ya tsayawa neman kyanwa. Kuma yaron da aka bari yana jifan kyanwa da dutse ana dariya, koya masa a ke yi cewa marar gata ba shi da haƙƙi, wannan karatu kuwa mun ga inda ya kai mu.

Akwai kuma amfanin da mu kanmu mu ke samu. Mai rumbu da mai sito sun san ɓarnar ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ya ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da ya ke bari a kan abinci. Kyanwa kaɗai ba ta isa kariya ba, sai an haɗa da rufe abinci da toshe ramuka, amma inda ta ke zaune ɓera ba ya sakewa. Guba kuwa ba ta san wanda aka nufa da ita ba. Ɓera ya ci, kyanwa ta ci ɓeran ta mutu, kaza ta tsattsagi ragowar, yaro mai rarrafe ya ɗauka ya kai baki.

Mu mutanen wannan yanki muna da dalili na musamman da zai sa mu kula da mutuwar dabbar gida. A 2010, da gubar dalma ta aukar wa ƙauyukan da a ke niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Masu binciken da suka zo daga baya sun ji daga bakin mutanen ƙauyukan cewa agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya gane abin da wannan ya ke nunawa. Dabbar da ta ke cin abin da ke tsakar gidanmu, in ta faɗi ta mutu ba dalili, gargaɗi ne. Garin da aka saba ganin mushen kyanwa a kwararo domin kowa na sa guba, ya toshe wa kansa wannan ƙofa ta gargaɗi.

Ba mu ce kyanwa ba ta cutarwa ba. Muzuru yana cin 'yan tsaki da tattabaru, har ya shiga karin maganarmu tare da shaho. Tana kuma da saurin haihuwa, cikinta kamar mako tara ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Ciwon haukan kare ma, ko da ya ke mafi yawansa daga kare ya ke zuwa, kyanwa na iya ɗaukarsa, shi kuwa in alamunsa suka bayyana ga mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Saboda haka wanda kyanwar da ba a sani ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Malaman Malikiyya, cikinsu har da Ƙarafi, sun yi magana a kan kyanwar da ɓarnarta ta wuce al'ada ta kuma yi ta maimaituwa, suka halatta kashe ta. Amma wannan hukunci na ita mai ɓarnar ne ita kaɗai, bayan mai kaji ya gyara akurkinsa, kuma da sharaɗin nan na hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Arba'una ta Nawawi, watau kyautatawa ko a wajen kisa. Guba da ƙonawa da nutsarwa duk sun fita daga kyautatawa.

Tsara wannan al'amari aikin hukuma ne tun da can. Sarki Zahiru Baibaras, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Bayan shekara ɗari biyar da wani abu, wani Baturen Ingila, Edward Lane, da ya zauna a birnin, ya rubuta cewa ya tarar alƙalin gari ne ya ke ɗaukar nauyin abincinsu, ana zuba musu da la'asar a harabar kotu. Littattafan hisba kuma sun sa hana zaluntar dabba cikin ayyukan muhtasibi. A 2004 Turkiyya ta yi dokar da ta ɗora wa hukumomin birane yi wa dabbobin titi rigakafi da aikin hana haihuwa. A nan gida, dokar Final Kod ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta sa zaluntar dabba cikin laifuffuka, jiharmu kuwa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, saboda haka babu mai cewa ba shi da madogara.

Shawararmu ita ce, abin ya fara daga ƙasa. Sarkin kasuwa da sarkin pawa su keɓe wuri guda, nesa da rumfunan abinci, inda za a riƙa zuba tarkacen kwata da na masu kifi da yamma, domin kyanwar da ta san inda za ta ci ba ta cika fasa akurki ba. Kwamitin kowane masallaci ya aje kaskon ruwa a inuwa, balle a watannin bazara. Mai unguwa ya hana yara jifa, ya kuma zama shi a ke kai wa ƙarar kyanwa mai ɓarna kafin kowa ya ɗauki mataki. Duba-gari su sa ido kan masu tallar guba a ranakun kasuwa. Ma'aikatan ƙananan hukumomin nan uku kuma, in an fito yi wa karnuka allurar rigakafi, su nemi a haɗa da kyanwoyin gida. Game da aikin hana haihuwa, Risala ta halatta dandaƙar tumaki saboda maslaha, ta kawo hani a kan ta dawaki, malamai da dama na wannan zamani kuwa sun halatta ta ga kyanwa in yawanta ya zama cuta, muddin likitan dabbobi ne zai yi, da allurar kashe zafi.

Wanda ya kawo kyanwa gidansa, ciyar da ita ya hau kansa shi kaɗai. Wadda ba ta da kowa kuwa, a fahimtarmu, nauyinta yana kan mutanen unguwa gaba ɗaya, in wasu suka ɗauka ya sauka daga kan saura. Sahabbai sun tambayi Manzon Allah ko akwai lada a kan dabbobi, bayan ya ba su labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, ya tabbatar musu akwai lada a kan duk mai rai. Ɗan kasuwa da ma'aikaci kowa na iya samun wannan lada ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Allah Ya sa tausayi a zukatanmu, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.