Diga Da Alƙalami

Babu zancen da ke sa ma'aikaci ya kasa kunne kamar zancen albashi. A wuni ana karanta masa dokokin aiki yana gyangyaɗi, amma da an ce mataki kaza kuɗi kaza, sai ka ga ya wartsake ya gyara zama. Ma'aikatan da za a yi maganarsu a nan su ne na sashen ayyuka, watau masu gyaran hanya, da gina kwalbati, da haƙa rijiya, da yashe lambatu, da rufin makaranta. Kowa na taka aikinsu, amma ba safai a kan tambayi yadda a ke auna ladansu ba. Za a bi maganar ne ta kan wani birkila mutumin Sundimina, cikin ƙasar Birnin Kudu, wanda ya fara da diga, ya gama da fansho. Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa.

Zamanin kakansa ba a san ladan aikin hanya ba. In damina ta wuce, sai hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, ko wane gida ya ba da ƙato guda da fartanyarsa. A share hanya, a cike kwazazzabo, a watse, babu ko anini. Da aka kafa Baitulmali, wanda aka fara da na Katsina, sai aka yanka wa sarakuna da hakimai da alƙalai albashi daga kuɗin haraji da jangali. Albashi daga sama ya faro, ya daɗe kuwa kafin ya gangaro wurin mai diga. Sai a 1933 aka yi dokar da ta taƙaita aikin tilas. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na ƙasar Kano, En'e ta Kano kuwa ba ƙaramar mai ɗaukar ma'aikata ba ce, don ita ce ta jawo ruwan famfo daga Challawa zuwa birni a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Mutumin namu ya shiga aikin hanya yana saurayi, bayan an cire amfanin gona, da nufin ya sami kuɗin haraji da na aure. Ya tarar ma'aikata kashi biyu ne, tsakaninsu kuwa akwai katanga. Kashi na farko su ne 'yan albashi. Ko wannensu yana da takardar ɗauka aiki, sunansa na cikin littafi, in wata ya ƙare a biya shi ko an yi ruwa ko an yi rana, ko wace shekara a yi masa ɗan ƙari, in ya tsufa kuma a sallame shi da wani abu. Kashi na biyu su ne 'yan ladan yini. Su kwanakin da suka fito kaɗai a ke ƙirga musu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum, ranar ta tafi. Ranar da obasiya ya ce aiki ya ƙare, to, ya ƙare, ba takarda, ba sallama.

Su ma 'yan ladan yini ba ɗaya su ke ba. Mai ɗaukar marmara a kwano shi ne na ƙasa. Sama da shi akwai mai kwaɓa siminti, sa'an nan masu sana'a, kamar birkila da kafinta da maƙeri. Helma shi ke tsaye a kan leburori, muryarsa ce kayan aikinsa. Amma wanda a ke shakka da gaske shi ne tankifa, mai riƙe da littafin kiran suna, domin abin da fensirinsa ya rubuta shi za a biya. Ran biya a shimfiɗa tabarma gindin tsamiya, a jera sulalla da kwabbai, a kira mutum ya dangwala yatsa, ya kwashi abin da aka tura masa. In ya ga kamar da saura, da me zai yi gardama? Shaidarsa ɗaya ce, zanen gawayi da ya ke yi a bangon ɗakinsa ko wace maraice, bango kuwa ba ya ɗaukuwa zuwa wurin biya.

Wannan ne ya kai shi ajin Yaƙi da Jahilci, sa'ad da aka baza azuzuwan cikin ƙauyuka a shekarun 1950. Ba sha'awar karanta jarida ta kai shi ba, lissafin kwanakinsa ya ke so ya gani da idonsa. Bayan ya sami takardar shaida, ran wata biya ya leƙa littafin, ya ga an sa masa 24. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kwanana 26 ne." Ya zaro ɗan littafinsa daga aljihu, ga ranaku a jere, ko wace da wurin da aka yi aiki. Tankifa ya dube shi, ya dubi littafin, ya ce, "Kai kuma yaushe ka zama malami?" Ya gyara. Ba lalle ne a ce mutumin nan ɓarawo ba ne, mai ƙirga mutum hamsin kullum ya kan yi kuskure. Abin mamaki dai shi ne, kuskuren bai taɓa faɗawa wajen ƙari ba.

Can sama kuwa ana ta fama a kan wannan magana, shi bai ma sani ba. A 1945 ma'aikata suka yi yajin aiki na fiye da kwana 40 saboda tsadar da yaƙin Hitila ya jawo, Michael Imoudu na jirgin ƙasa yana cikin manyansu. Daga nan kwamitoci suka yi ta biyo juna. Na Harragin a 1946 ya raba aikin Gwamnati biyu, manyan ma'aikata da ƙanana. Na Gorsuch a 1955 ya ƙara matakai a tsakani. Na Morgan ya duba ladan ƙananan ma'aikata, jan ƙafar da Gwamnati ta yi a kan rahotonsa kuwa shi ya jawo yajin watan Yuni na 1964, wanda ya yi kusan mako biyu. Ma'aikacin En'e a baya ya ke tafe kullum, sai an gama da na Gwamnati a waiwaye shi, gwargwadon ƙarfin Baitulmali.

Akwai wani abu a tsarin wancan zamani da ya kamata a tsaya a kansa. An raba ƙasa shiyya-shiyya, leburan Ikko ya fi na birnin Kano lada, na birnin Kano ya fi na ƙauye. Hujjar ita ce, wai abinci da araha a ƙauye, kowa na da gona. Da gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Gero da araha a Sundimina, to, kananzir fa, da gishiri, da sabulu, da yadin da za a yi wa iyali sutura? Duk waɗannan daga Kano a ke ɗauko su, ko wane mil kuwa da kuɗinsa. Gonar ma, wanda ya wuni yana sara da diga, da wane ƙarfi zai nome ta?

Shi dai bai zauna jiran kwamiti ba. Ya manne wa wani tsohon birkila, yana miƙa masa bulo, yana kallon yadda ya ke ɗora igiya da ma'aunin ruwa, har hannunsa ya faɗa. Amma iya aiki daban, shaidar iya aiki daban. Gwamnati tana da jarrabawar sana'a mai aji uku, a fara da aji na uku, a hau na biyu, a ƙare da na ɗaya. Ana duba hannu, ana kuma tambayar awo, ƙafa nawa, inci nawa, kwanon yashi nawa ga buhun siminti. Maigidan nasa, wanda ya fi shi iya gini nesa ba kusa ba, bai taɓa zuwa ba, don ba ya karanta lambar da ke jikin tef, da taƙi da kamu ya ke awonsa. Ya mutu ɗan ladan yini. Yaron da ya koya wa aiki ya tafi Kano ya ci aji na uku, bayan 'yan shekaru ya ci na biyu, aka ba shi takardar ɗauka aiki. Ya naɗe ta cikin tsumma, ya sa a gwangwani, ya rufe a adaka.

Babban canji ya zo da kwamitin Jerome Udoji, wanda Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, ya ba da rahoto a 1974. Kafin nan matakan albashi sun yi yawa, ko wace ma'aikata da nata, har malaman ofis kansu na ruɗewa. Udoji ya haɗa su a tsani guda mai hawa 17, daga mataki na 01 zuwa na 17, ko wane mataki kuma da ƙananan hawa a cikinsa na ƙarin shekara-shekara. Manufar ita ce a auna aikin kansa, nauyinsa da sanin da ya ke bukata, ba a auna wanda ke yinsa ko ɗan wane ne ba. Aka biya ƙarin a 1975 haɗe da na watannin baya tun daga Afrilun 1974, da sababbin kuɗi, don naira ta maye gurbin fam tun 1973. Kai, an ga abu! Masu kekuna da rediyo suka yi ciniki, aka ɗaura aure ba adadi, har kalmar udoji ta shiga bakin mutane da ma'anar garaɓasa. Kafin a farga 'yan kasuwa su ma sun yi wa kansu nasu udojin, mudu ya tashi bai sake saukowa ba.

A 1976 aka yi gyaran da ya rufe littafin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301 a Nijeriya, Birnin Kudu na ciki, daga baya Gwaram ta sami tata. Ma'aikatansu suka hau wannan tsani. Daga mataki na 01 zuwa na 06 ƙaramar hukuma ce ke ɗauka da ƙara girma, daga na 07 zuwa sama kuwa sai hukumar da ke hedkwatar jiha. Ba shakka tsani ya fi babu tsani. Lebura ya san inda ya ke, ya san abin da ke gabansa, ba sai ya yi wa wani fadanci ba.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Tsanin mai sana'ar hannu gajere ne. Ya hau daga mataimaki zuwa cikakken birkila, zuwa babban birkila, zuwa shugaban aiki, a mataki na 07 ya ke tiƙewa. Wanda ya fito jami'a da digiri kuwa a mataki na 08 ya ke sa ƙafa ranar farko. Haka ta faru ga mutumin namu. Gemunsa ya yi fari aka kawo masa wani saurayi injiniya, sa'an ɗansa na uku, ya zama shugabansa. Yaron mai ladabi ne, Baba ya ke ce masa, shi kuwa ya ce masa Yallaɓai. Wata rana za a sa kwalbati, injiniya ya nuna wuri bisa taswira. Tsoho ya ce, "Yallaɓai, ruwan nan ba nan ya ke bi ba. In Agusta ta yi, can gindin ɗorawar nan ya ke karyowa." Yaron ya ce, "Baba, ka tabbata?" Ya ce, "Sau uku ina cike wurin da hannuna." Aka matsar da kwalbatin.

Kada mai karatu ya ɗauka ana rena ilmin injiniya ne. Tsoho ba zai iya lissafa ƙarfen da zai ɗauki babbar mota bisa gada ba, shi ma ya san haka. Laifin na tsanin ne, da ya san takarda sarai, amma ba shi da hawa ko ɗaya da zai ajiye sanin shekara talatin na inda ruwa ke bi. Malaman ofis ne ke tsara matakai, ba mamaki in alƙalami ya sami wuri mai inuwa.

Ƙa'ida ita ce ma'aikaci ya huta in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 da aiki. Da lokacinsa ya yi, bayan an yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991, sai aka ce ya kawo shaidar ranar da ya fara aiki, don da yawan shekaru da matakin ƙarshe a ke lissafa garatuti da fansho. Ya buɗe adaka ya fito da gwangwani, takarda na nan kamar jiya aka buga ta. Aka ƙirga masa daga ranar da ke jikinta. Ya ce akwai shekarun diga kafin nan, sun fi goma. Aka ce ina littafin kiran suna? Aka bincika wani tsohon sito, aka tarar gara ta riga kowa. Ya nuna ɗan littafinsa na aljihu, malamin ya juya shi da tausayi, ya ce, "Baba, ba hatimi a jiki." Shekarun nan suka bi ruwa. Duk da haka ya fi abokansa da yawa, waɗanda suka zo da baki kawai.

Tun daga 1981, da aka yi dokar mafi ƙarancin albashi aka yanke naira 125 a wata, ƙasan tsanin ya yi ta motsawa, naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Dokar kuwa ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Yawancin aikin hanya da gini kuma ya bar hannun sashen ayyuka ya koma na 'yan kwangila. Ɗan kwangila ya kan zo da injiniyansa da motocinsa, ya ɗebi samarin gari su yi haƙa da kwaɓa. Cikin jikokin birkilan nan akwai mai irin wannan aiki, ya gama sakandare, yana karatu da rubutu da harshe biyu. La'asar sakaliya helma ya ke ƙirga musu kuɗin yini a tafin hannu, ya ce wanda ya ke so ya dawo gobe da shebur ɗinsa.