A Shikago ɗaki ne, a Kano ubangida

A Kingston Mines, wani gidan kiɗa da ke kan titin Halsted a arewacin birnin Shikago na Amurka, tun daga bakin ƙofa ake gama ciniki. Ka nuna shaidar shekarunka, ka biya kuɗin shiga, shi ke nan, tsakaninka da makaɗa babu mai bin wani bashi. An kafa gidan a 1968, ɗaki biyu ne, kowanne da dandamalinsa. Idan makaɗan wannan ɗakin suka ajiye kaya don su huta, sai na wancan su ɗauka, jama'a su kwashi kofunansu su bi su. Haka ake yi har dare ya raba sosai. Giya ake sha a wurin, ba abin ɓoyewa ba ne. Ni dai lemo na riƙe, kuma ba wanda ya damu da abin da ke cikin kofina.

Wanda ke jan ƙungiyar da na fi zama a gabanta dattijo ne baƙar fata, da jita mai amfani da lantarki rataye a wuya. Sai ya rera baiti ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware maganar. Tsakanin baiti da baiti jitar ce ke amsa masa, wato ita ce 'yan amshinsa. Yakan danne tsirkiya da yatsa ya tura ta sama har sautin ya lanƙwashe, ya riƙe shi a nan idonsa a rufe, sai ka ji wani daga baya ya yi ihu. Wannan shi ne kiɗan da suke kira buluz. Maganar waƙar ba ta wuce kuɗin haya da ya taru ba, da matar da ta tattara kayanta ta tafi, da aikin da aka sallame shi. In mai ganga ko mai fiyano ya yi nasa gwanintar shi kaɗai, sai a tafa masa tun waƙa ba ta ƙare ba.

Abin da kunnena ya yi ta jira bai zo ba. Har na tashi dattijon nan bai kira sunan kowa daga cikin 'yan kallo ba. Babu Alhaji wane ɗan wane, babu jikan wane mai gida a wuri kaza. Sunayen da ya ambata na yaransa ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, don a tafa musu.

Wanda ya tashi a Kano ya san yadda namu yake. Makaɗi ba ya zama a ɗaki ya jira jama'a, gayyatarsa ake yi. Akwai mai biki, akwai shimfiɗa, akwai sanƙira wanda tun kafin a fara ya zaga ya san wane ne ya zo, ɗan wane ne, me yake sayarwa a Kwari ko Singa. Waƙa tana tafiya ido yana kan taro, da an hangi mai hali ya shigo sai akalar baiti ta juya wajensa, shi kuma ya taso ya yi liƙi a goshi. Ba raina wannan nake yi ba. Mutumin da zai ƙirƙiri baiti nan take a kan wanda bai taɓa gani ba, ya ɗora shi daidai kan kalangu ba tare da ya yi tuntuɓe ba, gwani ne na ƙarshe. Abin da masu kiɗan jaz ke taƙama da shi ke nan, ƙirƙira a tsaye, kuma Mamman Shata ya yi shekara da shekaru yana yin sa har ya rasu a 1999. Bambancin yana wajen wanda waƙar ke yi wa aiki. A can duk wanda ya biya a ƙofa daidai yake da kowa, don haka mawaƙi ya sami sararin faɗin damuwar kansa. A nan mai liƙi ne ya sayi baitin.

Abin ya fi tsaya mini a rai don garuruwan biyu duk na masana'antu ne. Daga wajen 1916 zuwa 1970 baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka bar kudancin Amurka, da yawansu suka sauka a Shikago don aikin masana'antar ƙarfe da mayanka. Mawaƙin buluz Muddy Waters ya baro gonakin auduga na Misisipi ya iso a 1943, da rana yana aikin ƙarfi da tuƙin mota, da dare yana kiɗa. Ya koma jitar lantarki ne saboda hayaniyar mashaya tana danne ta katako. Leburori ne 'yan kallonsa, da ɗan abin da suka samu ranar biya, kuma daga waɗannan ƙananan ɗakuna kamfanin Chess ya ɗebi muryoyin da ya sa a faifai.

To mu ma mun yi wannan zamanin. Bompai, a ƙaramar hukumar Nassarawa, ita ce tsohuwar unguwar masana'antu, sai Sharaɗa ta biyo, sai Challawa da kamfanonin jima. An matse gyaɗa, an saƙa yadi, an yi robobi da alewa. Dubban ma'aikata suna fitowa daga Birget da Gwagwarwa da Dakata da Kawaji tun da sassafe, a ƙafa da kan keke. Su ma baƙi ne daga ƙauye, su ma haya suke biya, su ma ana sallamarsu. Duk kayan haɗin buluz sun haɗu, amma ba a gina ɗakin ba.

Paul Lubeck, wanda ya yi nazarin leburorin Kano ya fitar da littafi a 1986, ya nuna cewa da yawansu ta hanyar almajiranci da cin rani suka shigo birni. Irin wannan mutum in ya tashi daga aiki, makarantar dare zai nufa, ko zaman zikiri, ko majalisa wajen mai shayi. Muryar tana nan, a bege da mandiri ta fito. Wurin da ake zama musamman don goge ko kukuma kuwa tun da can an haɗa shi da bori da gidan magajiya da giya, mai iyali ba ya son a gan shi yana fitowa daga ciki. Otal-otal na Sabon Gari sun ajiye ƙungiyoyi masu jita da ƙaho, amma Bahaushen birni yana ganin wannan harkar baƙi ce. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kafa hukumar Hisba da doka a 2003, abin da al'ada ta riga ta ture gefe sai ya ƙara nisa. Jaz ɗin ma da ya zo Arewa, baƙon gwamnati ya zo: a 1960 makaɗin jaz Louis Armstrong ya sauka Kaduna, har akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello.

Wanda ya fi kusa da dattijon Shikago a cikin namu shi ne Ɗan Maraya Jos. Shi kaɗai da kuntiginsa, ba 'yan amshi, yana waƙar ƙaren mota da zaman aure da halin ɗan Adam. Haruna Uji ma da gurminsa ya rera ta soyayya da ta zuci. Masana sun lura da wannan dangantaka. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz, ya karkata ga cewa salon ya fi kama da kiɗan yankinmu na savana, inda mutum ɗaya ke waƙa da abin kiɗa mai tsirkiya yana lanƙwasa murya, kuma ya kawo gogen Hausa cikin misalansa. Ni ban buƙaci littafi ba a daren nan. Da jitar ta yi wannan kukan, kukuma na ji.

Kada a ɗauka komai na can daidai ne. Mayankar Shikago ta rufe a 1971, masana'antun ƙarfe suka bi baya, kuma yawancin ƙananan mashayun kudancin birnin, inda kiɗan ya girma, sun mutu. Waɗanda na zauna da su galibi Turawa ne da 'yan yawon buɗe ido irina, masu ɗaga waya suna ɗauka. Jikokin leburorin da aka yi waƙar dominsu sun koma wasu kaɗe-kaɗen. Wani lokaci sai ka ji kamar dattijon yana maimaita baƙin cikin da aka san baƙi na son saya. Duk da haka yana da dandamali a kowane mako, kuma saurayin da ke son koyo ya san inda zai je ya zauna ya kalli yatsunsa.

Namu fa? Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wuta, ga yadin waje da ya cika kasuwa, kamfanonin Bompai da Sharaɗa da dama sun zama rumbunan ajiya. Mai biki ya gane cewa DJ da lasifika biyu sun fi tawagar makaɗa araha. Liƙin ma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana shi, kuma a 2024 an ga ana gurfanar da mutane a kotu a kansa. Makaɗin da duk abincinsa ke rataye a kan ubangida, ranar da ubangida ya juya baya ba shi da wurin zuwa.

Nakan ji ana cewa Bakano ba zai taɓa biyan kuɗi a ƙofa ya zauna ya saurari kiɗan da ba a ambaci sunansa a ciki ba. Ban yarda ba. Ɗakin ba dole sai da giya ba, shayi da tsire sun isa, a tashi kafin sha ɗayan dare. Kuma ka leƙa kowane gidan kallon ƙwallo a Gama ko Tudun Wada ranar Asabar: samari da magidanta sun biya a ƙofa, sun cika benci, suna ihu a kan Arsenal da Barcelona, waɗanda ba su san da zamansu a duniya ba.