Duwatsun Kalanish da Farar Saniya

Can yamma da ƙasar Sikotilan akwai wani tsibiri cikin teku, sunansa Luwis. A gefensa na yamma, kusa da ƙauyen Kalanish, akwai waɗansu dogayen duwatsu kakkafe a ƙasa. Guda 13 sun yi da'ira, na tsakiya kuwa tsawonsa ya ɗara ƙafa 15. Sauran sun jeru gabas da yamma, kudu da arewa. Masana sun ce an kafa su wajen shekara 5,000 da suka wuce, amma waɗanda suka yi aikin ba su bar rubutu ba.

Da zamani ya yi nisa, sai wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi, wadda mutanen wurin ke haƙa su yi makamashi, ta binne gindinsu har ƙafa 5. Sai a 1857 mai tsibirin, Jemis Matison, ya sa aka kwashe ta.

Da ya ke babu rubutu, sai tatsuniya ta gaji wurin. Waɗansu suka ce ƙatti ne suka ƙi karɓar addinin Kirista, aka mai da su duwatsu, har a ke kiransu Mutanen Ƙarya. Amma labarin da ya fi amfani shi ne na farar saniya.

Wai an yi wata yunwa a tsibirin, har mutane suka fid da rai. Sai wata farar saniya ta fito daga teku, ta tsaya tsakanin duwatsun. Kowace mace ta zo da bokiti ɗaya, ta cika mata shi da madara, ba ragi ba ƙari. Da haka aka rayu. Ran nan wata mayya ta zo da rariya maimakon bokiti, ta yi ta tatsa, madara na zuba ƙasa, har nono ya ƙafe. Saniya ta koma teku, ba a sake ganinta ba.

To, abin lura shi ne, ko mayyar ba ta kai ɗigo gida ba, ga shi ta jawo wa gari duka. Waɗanda suka tsara labarin sun san fari, sun san cewa ran da abinci ya yi kaɗan, adalcin mai awo shi ke riƙe da rayukan jama'a. Duk wanda aka danƙa wa rumbun jama'a ya kamata ya duba abin da ya riƙo a hannunsa, bokiti ne ko rariya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.