Yadda Dabarar Nabiliyon Ta Ƙare Mana

Mu 'yan aji shida, bana mun sha kashi a Kasuwar Libiya, kuma mun ga ya dace ƙannenmu su ji daga bakinmu.

Da farko Malam bai so shaɗaranji ba sam. Ya buɗe mana Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka hana shi, ya ce sai dai wasu malaman Shafi'iyya sun sassauta. Da ƙyar ya bar mu, bisa sharaɗi: ba kuɗi, ba rantsuwa, in an kira salla a tashi.

Buɗi guda muka iya, wanda yaran Umdurman ke kira dabarar Nabiliyon. Ka tura askarin gaban sarki gida biyu, ka fito da giwa, ka kai waziri gefen allo, su biyun suna hararar askarin da sarki kaɗai ke karewa. A taku na huɗu waziri ya cinye shi, kish mat. Da wannan muka gama da 'yan aji biyar kaf, har muna tafiya muna ɗaga kafaɗa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar aka haɗa gasa ta yaran kasuwa a rumfar wani mai atamfa, kyautar allo sabo. Mu huɗu muka shiga. Gwaninmu ya faɗa hannun wani ɗan yaro mai kai wa mahaifiyarsa kofunan shayi. Da waziri ya fito, yaron ko ɗaga kai bai yi ba, ya tura askari ɗaya ya tare hanya. Waziri ya ja baya, ya sake hararar gidan nan, doki ya shiga tsakani. Can ɗaya dokin ya faɗo tsakiya, ya kori waziri, ya ci askari, ya haɗa sarki da ganuwa a baki ɗaya. Wallahi mu da ke tsaye sai da muka ji kunya. Sauranmu ukun ma ba wanda ya wuce zagaye na biyu.

Wani tsoho mai dara da ke kallo ya tambaye mu: "Samari, bayan taku huɗun nan, me kuka tanada?" Muka yi tsit. Gaskiya ba mu taɓa kaiwa na biyar da shiri ba.

Malam da ya ji, dariya ya yi, ya tambaya ko magariba ta same mu a sahu. Ta same mu. Yaron kuwa ya yarda zai riƙa koya mana duk Alhamis, mu kuma mu riƙa yi masa tilawar izu biyun da ke ba shi wuya.