Cinikin biri a sama: yadda lamba 52 ta cinye mana zubin sati biyu

Mu ƴan wata ƙungiyar asusu ce a cikin garin Maraɗi, mu 25, kowace Alhamis bayan la'asar muke zama muna zuba dala ɗari ɗari. Mun daɗe muna shawarar ko mu ba da wannan labari ko mu rufa wa kanmu asiri. Daga baya shugabarmu ta ce, "Ramin da muka faɗa, in ba mu nuna wa na baya ba, alhakinsu na wuyanmu." Shi ya sa muka sa aka rubuta.

Ana saura sati shida ƙaramar salla ta bara, kuɗi sun ɗan taru a akwati. Sai muka ce maimakon kowace ta ɗauki rance ita kaɗai, mu haɗu mu yi sana'a guda ta ƙungiya. Ɗiyar ɗaya daga cikinmu ta nuna mana hotunan abayoyi a WhatsApp, na wani ɗan kasuwa a Kano da yake kawo kaya daga Dubai. Waya ta zaga hannu zuwa hannu, kowa na cewa kai, waɗannan sun yi kyau. Baƙaƙe ne masu duwatsu a hannu da ƙirji. In an juya kuɗin da sefa, kowace ta kama jikka 12. Muka lissafa: guda 20 jikka 240, kuɗin mota da dako jikka 15, mu sayar jikka 15, riba jikka 45. Muka ɗaga hannu gaba ɗaya, ba wadda ta ƙi.

Da aka zo tura saƙo, mai kayan ya tambaya wace lamba muke so, yana da 52, 54, 56, 58 da 60. A nan muka ɓata. Sakatariyarmu ita ce ta fi mu lakkol, kuma ta saba sayen kayan bosho masu lambar Faransa. Ta ce, "Hajiya, ni da jikin nan nawa 42 nake sawa. Wadda take sa 52 ai ta kusa biyuna. Mu ɗauki mafi ƙanƙanta, ko ita ma za ta yi wa kowa yawa." Magana ta yi ma'ana a kunnenmu. Muka ce a kawo 52, duka ashirin ɗin, muka tura kuɗi.

Ranar da kaya suka iso tasha, da guɗa aka shigo da su gidan shugaba. Muka ce wadda muke wa laƙabi da Doguwa ta fara gwadawa. Ta shiga ɗaki ta fito, sai wuri ya yi tsit. Abaya ta tsaya mata a tsakiyar ƙwauri, zane na leƙowa ta ƙasa, hannun riga bai kai wuyan hannu ba. Wata ta fashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowace ta tuna kuɗinta ne a ciki. Muka yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Cikin mu 25, mutum huɗu kaɗai ta yi wa daidai.

Muka kira mai kaya. Bai yi mana faɗa ba, amma bai karɓi kaya ba. Ya ce, "Hajiya, abin da kuka ce shi na aiko, saƙonku yana nan a wayata." Gaskiyarsa. A bakinsa muka fara jin abin da ya kamata mu tambaya tun farko: lambar abaya ba ta nufin faɗin jiki, tsawon rigar take nufi, daga kafaɗa zuwa ƙasa, kuma da inci ake ƙirgawa. Inci guda santimetir biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya, wato 2,54. Ke nan 52 ɗin da muka saya metir guda ne da santimetir 32. Lambar Faransa kuwa, su 38, 40, 42, kaurin jiki take nunawa. Lambobi iri ɗaya a ido, amma kowace da abin da take aunawa.

Ga yadda muka ƙare. Guda 7 sun fita a jikka 15, wajen mata gajeru da ƴan mata masu tasowa. Sauran 13 muka kai wa tela ya ƙara masu ƙyalle a ƙasa, kowace jikka guda da rabi. To baƙi ma kala-kala ne, wanda ya samu a kasuwa bai zo ɗaya da na abayar ba, duk mai ido tana ganin ɗinkin. Da ƙyar muka rabu da su a jikka 11, wasu ma sai bayan salla. Da ma'ajiya ta haɗa lissafi, mun kashe jikka 274 da rabi, mun samu 248. Faɗuwar jikka 26 da rabi, fiye da zubinmu na sati biyu mu duka.

Kuɗin sun yi mana ciwo, amma akwai abin da ya fi su. A cikin waɗannan kwanaki wata ƴar uwarmu mai tuyar ƙosai ta nemi rancen jikka 30 ta sayi wake kafin ya ƙara tsada, akwati ba kuɗi, suna kwance a cikin leda. Ta yi shiru ba ta ce komai ba, shirun nan ya fi zagi zafi. Sakatariya kuma ta zo taro da littafi da biro ta ajiye gaban shugaba, ta ce a nemi wata, kuma a cire asarar daga rabonta. Inna mai riƙon makulli, wadda ta girme mu duka, ita ta tsawatar. Ta ce, "Ɗiyata, ɗauki littafinki. Ranar da aka ɗaga hannu, hannuwa 25 na gani. Wa ta ce a tambaya a cikinmu? Da an ci riba da tare za mu raba." Haka muka raba asarar, kowace jikka guda da ƴan daloli.

Bayan salla muka gayyato wata tela ta unguwarmu ta zo taro da metir ɗinta, irin mai fuska biyu, gefe guda santimetir, gefe guda inci. Ta auna mu duka, sakatariya na rubutawa a shafin ƙarshe na littafin ƙungiya. Wallahi da yawa cikinmu ranar muka fara sanin tsawonmu. Ga abin da muka koya, mun kuma gwada shi ya yi.

In lambar abaya ce, 52 santimetir 132 ce, 54 kuma 137, 56 tana da 142, 58 tana da 147, 60 kuma 152. Mace mai tsawon metir guda da 55 ko kusa da haka, 52 ce tata. Mai metir guda da 60 ta nemi 54, mai 65 ta nemi 56, mai 70 ta nemi 58, wadda ta kai 75 kuma 60. Hanya mai sauƙin riƙewa ita ce ki cire kamar santimetir 23 daga tsawonki, na kai da wuya ke nan, abin da ya rage shi ne tsawon rigar da za ta sauko maki har bisa ƙafa. Amma wannan kusantarwa ce kawai, don jiki ba ɗaya ba ne, masu ɗinki ma ba ɗaya ba ne. Awo na gaskiya shi ne wanda aka yi a jikinki.

Kada ki auna kanki da kanki, don da kin sunkuya duba metir awo ya ɓaci. Ki tsaya tsaye, ki sa takalmin da za ki riƙa sawa da rigar, wata ta ɗora bakin metir a kafaɗarki daidai inda ta haɗu da wuya, ta sauke shi ta gaba, ta bisa ƙirji, har inda kike son riga ta tsaya. Dalilin da ya sa ake bi ta gaba, ƙirji da tumbi suna cin tsawo. Cikinmu akwai mata biyu da tsawonsu ɗaya, amma ɗaya 54 take sawa, ɗaya 56, saboda ta biyun tana da jiki. Mai juna biyu ma ta ƙara lamba guda, in ba haka ba gaban riga zai ɗage, baya na ja. In ba ki da mai auna ki, ɗauko rigarki da kika fi jin daɗin tsawonta, ki shimfiɗa ta a tabarma, ki auna daga kafaɗa zuwa ƙasa, ki auna hannu, ki auna faɗin ƙirji. Hijabi kuma ba daga kafaɗa ake auna shi ba, daga kai ake farawa, gaba daban baya daban, don yawanci bayan ya fi tsawo.

Kada hoto ya ruɗe ki. Matar da ke cikin hoton ba ki san tsawonta ba, sau da yawa doguwa ce kuma bisa takalmi mai tsini take. Wani lokaci ma hoton ba na kayan da ke hannun mai sayarwa ba ne, a intanet ya ɗauko. Yanzu mu abin da muke yi, sai mu ce ya shimfiɗa rigar da zai aiko, ya ɗora metir a kanta daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya ɗauki bidiyo muna ganin lambar. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Wanda ya fara kwana-kwana, mu bar masa kayansa. Haka in kin ga haruffa irin S, M, L ko XL, yawanci faɗi suke nufi, ba su gaya maki tsawo ba, kuma kayan Sin sukan zo ƙanana fiye da yadda harafin ya nuna. Wanda ya ce maki rigar tana yi wa kowa, ki tambaye shi santimetir nawa ce. Ba rigar da za ta yi wa Doguwarmu daidai ta kuma yi wa Inna mai makulli.

In tsawonki ya faɗo tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar. Tela yana rage tsawo da kuɗi kaɗan ba wanda zai gane, amma ƙari, mun gaya maku yadda muka ƙare da shi. Sai dai ki duba ƙasan rigar tukuna: in akwai aiki ko duwatsu a bakin, yankewa zai tafi da adon, to nan sai kin nemi daidai. Ki tambayi irin yadin kuma. Na auduga yakan ɗan tsuke a wankin farko, mai talewa irin na roba kuma yakan ƙara saukowa in ya daɗe a rataye.

Kada kuma tsoron gajarta ya sa ki sayi wadda ta wuce ki sosai. Gajera tana ɗagewa in kin sunkuya ko kin yi ruku'u, wannan kowa ya sani. Amma mai jan ƙasa ma tana da nata: da rani ta share turɓaya, da damina ta kwashi taɓo, baki ya zare kafin wata uku. Mafi haɗari shi ne bisa kabu-kabu, in bakin abaya ko na hijabi ya shiga taya ko sarƙa yana iya fizgo mutum ƙasa. Telarmu ta ce a bar kamar yatsa biyu tsakanin bakin riga da ƙasa in kina cikin takalminki, kuma in za ki hau babur ki tattare ta bisa cinya.

Mun kuma sa wa kanmu doka uku a ƙungiya. Ba za a ƙara fitar da kuɗin akwati don sayen kaya ta waya ba sai an fara sayo guda ɗaya ko biyu an gani an taɓa. Kafin a tura kuɗi, sai mai kaya ya faɗa da bakinsa a saƙon murya ko yana karɓar musanya in lamba ba ta yi ba, da wanda zai biya kuɗin mota, a kunna saƙon a taro kowa ta ji, har waɗanda ba su iya karatu ba. Kuma in kayan sayarwa ne, ba a ɗaukar lamba guda, a gauraya.

Da babbar salla ta matso mun sake gwadawa, zuciya na dukan uku-uku. Wannan karon guda 12 kawai muka sayo, kuma sai da muka bi gidajen masu so da metir muka auna su, kowace ta ba da rabin kuɗi. Biyu 54, biyar 56, huɗu 58, guda 60. Duka sun fita cikin kwana tara, ba wadda ta dawo. Ribar ba ta rufe ramin bara duka ba, amma ta rufe fiye da rabi, kuma ƴar uwarmu mai ƙosai ita aka fara ba rance a zagayen da ya biyo.

Metir ɗin da muka saya yana cikin akwati tare da littafi. Duk sabuwar da ta shigo ƙungiya, ranar farko ake auna ta a rubuta. Ƴan uwanmu na Damagaram, Tawa, Yamai da ƙauyuka, in kuna shirin irin wannan sana'a, ku tambayi mai kaya abin da lambarsa take nufi, inci ne ko santimetir, tsawo ne ko faɗi, kafin ku tura ko dala. Allah ya sa albarka a cikin asusunmu, ya kare mu daga asara.