Ajiyar Rubutu a Waya: Kada Mu Ɗora wa Kanmu Wahala

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, abubuwa da yawa sun sake a rayuwar makaranta. A yau da wuya ka shiga ofishin malamai a Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi, ka tarar da malamin da ba ya riƙe da waya mai shiga intanet. Ɗalibanmu ma, da zarar an ba da hutu, wayar iyaye ko ta yayye tana hannunsu. Tun daga 2015 kuma a kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Saboda haka na ga ya kamata a mujallar bana in yi magana a kan abu ɗaya da ya shafe mu duka, wato yadda mutum zai ajiye abin da ya koya a cikin waya, ya kuma same shi ranar da yake bukata.

Sa'ad da muke kwalejin horar da malamai, dukiyarmu ita ce littafin shirin darasi mai kauri da biro ja da shuɗi. Takarda tana da tsada, hannu kuma yana gajiya, don haka kafin ka rubuta abu sai ka tsaya ka auna ko ya cancanta. Waya ta kawar da wannan awo. Yanzu ɗalibi yakan ɗauki hoton allo, ya sauke littafi sukutum, ya ajiye saƙon murya, duk cikin minti ɗaya, ba tare da ko jimla ɗaya ta ratsa kansa ba.

A hutun Kirsimeti da ya wuce wani tsohon ɗalibina, wanda yake karatun kiwon lafiya, ya zo gaishe ni. Yaro ne mai ƙwazo, amma ya gaya mini cikin damuwa cewa ya faɗi darasi ɗaya, zai maimaita. Ya nuna mini wayarsa don in ga ba lalaci ya yi ba. Manhajar rubutu huɗu ce a ciki, kowacce da jakunkuna a cikin jakunkuna, kowane darasi da launinsa, ga hotunan allo ba iyaka. Na ce masa, "To, ɗana, nemo mini abin da ka rubuta a kan zazzaɓin cizon sauro." Har shayinmu ya huce bai samo ba. Daren da ya kamata ya yi karatu, a jera kaya ya ƙare. Mahaifinsa kuwa rake ya sayar ya biya kuɗin wannan zangon.

Mu mutanen Maƙarfi da Kudan mun san yadda ake mazarƙwaila. Ana kawo rake dami-dami, a matse shi, a zubar da ɓawon, a dafa ruwan har ya yi kauri, a ƙarshe a sami ɗan curi wanda zai shiga aljihu ya kuma daɗe bai lalace ba. Haka rubutun tunawa yake. Littafi da darasi su ne raken. Abin da za ka ajiye shi ne layi biyar ko shida da ka rubuta da kalmominka bayan ka fahimta. Wanda ya tara hotunan allo kawai, damin rake ya jibge a ɗaki.

Ga yadda nake yin nawa, kuma shekaru ke nan ban sake shi ba.

Na farko, wuri ɗaya. Ina amfani da manhajar rubutu guda, wadda take buɗewa ko babu data, domin mun san halin sabis da wutar lantarki a ƙauyukanmu. Taura biyu ba ta taunuwa. In rubutunka ya rabu gida uku, kullum sai ka fara da tunanin inda ka sa shi.

Na biyu, jaka uku kaɗai: ta makaranta, ta gida da gona, da ta majami'a, inda nake rubuta kan wa'azin Lahadi da abin da aka yanke a taron kwamiti. Ban ƙara ta huɗu ba, gama wayar tana iya nemo kalma a cikin daƙiƙa.

Na uku, kowane rubutu yana farawa da kwanan wata da kan magana bayyananne, misali ranar da na zuba taki a gonar masara da yawan buhunan. A nan akwai abin lura ga mai rubuta Hausa. A wurin na'ura, k dabam ne da ƙ, d dabam ne da ɗ. In yau ka rubuta ƙasa da lanƙwasa, gobe ka nema ba lanƙwasa, mai yiwuwa wayar ta ce babu. Zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta.

Na huɗu, bita. Kowace Asabar da yamma nakan ɗauki minti ashirin in karanta abin da na rubuta a makon, in share wanda ba shi da amfani. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma maimaitawa bayan 'yan kwanaki tana rage ta. Rubutun da ba a sake dubawa, shi da babu duk ɗaya.

Na biyar, kwafi. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata a kasuwa, tana mutuwa ba sallama. Kowane ƙarshen wata nakan tura rubutuna zuwa imel ɗina a matsayin rubutu zalla. Shafi ɗaya na rubutu zalla bai wuce kilobait 2 ko 3 ba, hoton allo ɗaya kuwa yakan kai megabait 2 ko fiye. Wato shafi kusan 1,000 daidai yake da nauyin hoto guda. Rubutu zalla kuma kowace waya tana buɗe shi. Wannan yana da muhimmanci, domin kamfani yana iya sake doka a kowane lokaci. A watan Disamba na 2023 kamfanin Evernote ya taƙaita wa masu amfani da shi kyauta yawan rubutu zuwa 50. Wanda ya dogara da kyautar wani, sai ya shirya wa ranar da za a janye ta.

Wani zai ce, ai wannan tsarin na ƙaramin malami ne, mai babban bincike yana bukatar manyan kayan aiki. To, a dubi Niklas Luhmann, shehun malami a Jami'ar Bielefeld ta Jamus, wanda ya rasu a 1998. Ya rubuta littattafai fiye da 50, kayan aikinsa kuwa 'yan ƙananan takardu ne kusan 90,000 a cikin akwatunan katako. Kowace takarda tana da lamba, tana kuma nuna lambar wata da take da dangantaka da ita. Ƙarfin aikinsa yana cikin naci da rubutawa da kalmominsa. In wata rana aikinka ya girma har jaka uku suka kasa, sa'an nan ka ƙara. Manomi mai hankali ba ya gina rumbu goma kafin ya ga abin da gona ta ba shi.

Ba kuma kowane abu ne na waya ba. Lissafi da zane na fi so ɗalibaina su yi a takarda. Asirin wani, ko lambar sirrin banki, ba su da wuri a manhajar da kowa zai iya buɗewa in ya ari wayarka.

Ya ku ɗalibai, musamman ku da kuke barinmu bana, za ku tarar da abokai suna yaba sabuwar manhaja kowane wata. Kafin ku bi su, ku gwada taku da tambaya ɗaya: abin da na rubuta wata uku da suka wuce, zan iya nemo shi cikin minti ɗaya, in kuma bayyana shi ba tare da na duba ba? In amsar i ce, ku bar tsarinku yadda yake, ku koma ga karatu. In a'a ce, ku rage kaya. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa a kan waya ya ce karatu yake yi, ku ce ya gaya muku da bakinsa abin da ya koya yau.

Allah ya ba ku nasara, ya sa ilimin da kuka samu a nan ya amfani iyalanku da ƙasarmu.