Baƙar fuska a ofishin Magama

A watan Afrilun 2022 gwamnati ta sake buɗe iyakar Jibia, bayan rufewar da aka yi tun Agustan 2019. Kafin damina ta kankama Magama, garin bakin iyakar, ta cika da tireloli, masu nufar Ɗan Isa da Maraɗi da masu fitowa da wake da aya. Lokacin ne wani Alhaji mai harkar sufuri ya kira ni daga Katsina in duba manhajar lissafin da na rubuta masa, wadda ke riƙe da lambar kowace mota, kayanta, da kuɗinta a naira da sefa.

Da gangan muka yi ta ta zauna cikin kwamfuta ba tare da intanet ba. Duk wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a Jibia da wasu ƙananan hukumomin Katsina a Satumban 2021 ba zai damƙa littafin bashinsa ga intanet ba. Kwamfutocin ofishin kuma kowacce da jinsinta: ta akawu Windows ce, ɗan Alhaji na da MacBook, sai wata tsohuwa mai Ubuntu da yaron tasha ke yawo da ita. Shi ya sa na gina ta da Electron, rubutu guda ya hau ukun.

Ƙorafin da ya sa aka kira ni daga akawu ya fito, dattijo ne da ya yi shekaru yana aiki da biro. Lissafi sai bayan isha'i yake haɗuwa, an kashe janareto, ɗaki ya yi duhu, farar fuskar kwamfutar nan na haska shi kamar fitilar mota. Ya ce, "Ɗana, idona na ruwa, ga ƙwari sun mai da ni majalisa. Kuma a garin nan yanzu, taga mai haske da dare ba abin so ba ce." Wannan ta ƙarshe ce ta sa na ajiye sauran gyare-gyare. Ya nuna mini WhatsApp ɗinsa, wadda ta samu baƙar fuska tun Maris 2020, ya ce irinta yake so.

Mai kallo zai ɗauka juya fari ya koma baƙi ne kawai. Kowane launi sai da na ciro shi daga inda yake, na ba shi suna bisa aikinsa, na bango, na rubutu, na bashi, sannan kowane suna ya samu ƙima biyu. Baƙi wuluk da farin rubutu yana sa haruffa su riƙa rawa a idon mai shekaru, don haka na koma toka mai duhu, irin wadda Google ke ba da shawara. Jan da muke rubuta bashi da shi ya nutse, sai da na sassauta shi ya kusa ruwan goro. A ofishin da direba ke jayayya kan jaka biyar ta sefa, bashin da ba ya karantuwa rigima ce.

Daga nan sai tambayar yadda manhaja za ta san abin da mai na'ura ya zaɓa. Apple ta kawo nata zaɓin a Mojave a 2018, Windows ma tana ajiye zaɓin, Electron kuma yana tambayo su ya faɗa maka. Linux ce gardama: sai a GNOME 42, cikin Maris 2022, aka samu tsayayyen makunni, tsohuwar tamu kuwa ba ta kai nan ba. Na sa zaɓi uku, fari, baƙi, ko bin na'ura. A ganina haka ya dace ko da Linux ba ta kawo cikas ba, domin yaron tasha da ke ƙirga buhuna a tsakar rana ba ya ganin komai a baƙar fuska. Shi fari ya zaɓa, bai taɓa sauyawa ba.

Saura ƙanana biyu. Tagar manhajar takan yi walƙiyar fari kafin ta buɗe, sai an faɗa mata launin bango tun farko. Rasit kuma dole ya fito baƙi a kan farar takarda, komai launin fuska, in ba haka ba tawadar firinta ta ƙare a mako.

Ɗan Alhaji ya so in ce batir zai ƙara daɗewa. Na ce masa a fuskar OLED ne hakan ke faruwa, nasu kuwa LCD ne, fitilar bayanta a kunne take ko hoton baƙi ne. Bai ji daɗi ba.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, ofishin ya zauna shiru har Maris 2024. Da motoci suka fara motsi, abokin cinikin Alhaji na Maraɗi ya aiko a saka masa manhajar, amma da Faransanci, kuma sefa ta zo gaban naira.